Ranar Da Aka Ɗaga Amyoyin Kaka Josiah

Kwana uku ke nan Keziah tana kulle a ɗakin ajiyar tuffa da ke saman gidan kakanta, ba abin da ake tura mata sai busasshen burodi da ruwa a kofin gwangwani. Yarinya 'yar shekara goma! Ta yi kuka har muryarta ta dishe, ta bubbuga ƙofa har hannayenta suka yi tsami, ba wanda ya ko tanka mata. Ta 'yar tagar ɗakin, wadda ko kanta ba zai shige ba, tana hango amyoyin zuma biyar a jere gindin shinge, a ƙasanta kuwa, cikin falo, gawar Kaka Josiah ce kwance a akwati. Shi ne uwa, shi ne uba tun da zazzaɓi ya ɗauke iyayenta a sati ɗaya. Shi ya koya mata karatu a bakin murhu, shi ya koya mata tsayuwa cikin ƙudan zuma ba tare da ko ɗaya ya harbe ta ba. Yau ga shi ya tafi, an hana ta ko ganin fuskarsa...

Duk wannan aikin Gwaggo Lavinia ne, matar Baffa Walter, ƙanin mahaifin Keziah. 'Yar birni ce mai ɗaga hanci, wadda tun da ta sauko daga keken doki take toshe hanci da hankici wai ƙauyen warin shanu yake. Da ta ji tsohon ya bar wa Keziah gida da lambu, ita da mijinta riƙo kawai za su yi, sai ta sha alwashin yarinyar ba za ta kwana bakwai a gidan ba. Washegari agogon aljihu na azurfa da ke rataye a kan gadon mamacin ya yi ɓatan dabo. Ita da kanta ta kira ɗan sandan ƙauye, ta ce a bincike gidan kaf har jakunkunanta, don kowa ya shaida. Ba a ga komai ba.

"Ai na faɗa muku, ta sayar wa 'yan koli masu wucewa!" in ji ta, tana matsar hawayen da babu su. "Gawa ba ta huce ba, kin yi mata sata! Tir da halinki!"

"Gwaggo, ki ji tsoron Allah... Ni da nake saka masa agogon nan a aljihu kullum da safe, me zan yi da shi?"

"Rufe min baki, ɓarauniya! Ana gama jana'iza gidan gajiyayyu za a kai ki, su aske wannan gashin, ki san duniya ba lambun kakanki ba ce."

Keziah ta juya ga baffanta, idanunta taf da hawaye. Baffa Walter ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Mutum ne da in matarsa ta ce rana ta faɗi da tsakar rana, fitila zai nema.

Amma abin da ya fi ci wa Keziah rai, ba a gaya wa zuma rasuwar Kaka ba. Kowa a ƙauyen ya san in mai amya ya mutu, sai magajinsa ya ƙwanƙwasa kowace amya da mabuɗin gida ya sanar da su, in ba haka ba su yi fushi su watse. Ta roƙi Gwaggo ta ramin makulli, Gwaggo ta sheƙe da dariya ta ce ba ta zo ƙauye don ta yi wa ƙwari gaisuwar mutuwa ba. Keziah ta durƙusa a tsakanin tuffa tana rawar sanyi. "Ya Ubangiji, kai ne gatan maraya. Ba ni da kowa sai kai... Kada ka bari a raba ni da gidan nan da sunan ɓarauniya!"

Da hantsin rana ta huɗu mutanen ƙauye suka cika tsakar gida cikin baƙaƙen kaya. Keken dokin da zai tafi da ita yana tsaye a bakin shinge. Fasto ya nace a sauko da yarinyar ta yi bankwana da kakanta, aka sauko da ita ɗan sanda na riƙe da kafaɗarta, ta rame ta yi zuru-zuru. Mata suka kawar da kai, wasu na share ido, wasu na ƙus-ƙus.

Maza shida sun sunkuya za su ɗauki akwatin ke nan, sai Baba Amos, tsohon maƙwabcinsu da suka yi ƙuruciya tare da mamacin, ya ɗaga sandarsa. "Ku dakata, samari! Gaggawar me kuke yi? Ba a ɗaga amya ba. Ina aka taɓa ɗaga mai gida ba a ɗaga zumansa tare da shi ba?"

Fuskar Gwaggo Lavinia ta yi fari fat. "A ɗaga me?"

"Amya, 'yar birni. Daidai lokacin da akwati ya bar ƙasa, kowace amya sai ta bar mazauninta. Haka muka taras, haka za mu bari."

"Ban yarda ba! Camfin banza! Walter, ka hana su mana!"

"Ikon Allah," in ji Baba Amos, "ke da ba ki san zuma ba sai a cokali, me ya dame ki da su haka?"

Ba wanda ya ƙara bi ta kanta. Mutum biyar suka tsaya a bayan amyoyin, akwati ya tashi, amyoyi suka tashi. Sai ga wani farin ƙulli a kan katakon da amya ta uku take zaune! Gwaggo ta ƙwalla ƙara ta yi wuf za ta cafe shi, gwiwar hannunta ta ture amyar daga hannun mai riƙo. Wayyo! Zuma suka taso baƙi ƙirin suka rufe ta. Ta zunduma ihu tana tumami, hula ta yi gabas, takalmi ya yi yamma, jama'a suka dare, ba ta tsaya ba sai cikin kwamin ruwan dawaki.

Mutum ɗaya ne bai gudu ba. Keziah ta zame daga hannun ɗan sanda ta shiga tsakiyarsu a hankali, tana yi musu 'yar muryar da Kaka ke yi, ta ɗaga amyar ta mayar mazauninta. Suna sauka a gashinta da hannayenta, ko ɗaya bai taɓa ta ba. Ta ɗauko ƙullin ta miƙa wa Fasto. Ya kwance. Agogon ne, naɗe cikin hankici mai sunan Lavinia da zaren shuɗi.

"Ita... ita ta sace min hankicin!" in ji Gwaggo daga cikin kwami, leɓe a kumbure.

"To cire safar hannunki ta dama," in ji Baba Amos. "Kwana uku kina sanye da ita har wajen cin abinci."

Ɗan sanda ya zare safar. Hannun ya kumbura suntum, ga tabon tsohon harbi har huɗu sun yi baƙi. Baffa Walter ya durƙushe a gaban 'yar ɗan'uwansa yana kuka kamar ƙaramin yaro. "Ki yafe mini, Keziah... Ranar na gan ta ta fito daga lambu, na yi shiru." Keken dokin da aka kawo don marainiya, shi ya tafi da Gwaggo Lavinia gaban alƙali, ruwa na ɗiga daga rigarta, yara na bin ta da ihu.

Baba Amos ya ciro mabuɗin gida daga ƙofa ya damƙa wa Keziah. "Je ki, 'yata. Sun gaji da jira."

Masu akwati suka tsaya cak, maza suka cire huluna. Ta durƙusa a gaban amya ta farko, ta ƙwanƙwasa sau uku, hawaye na zuba a kan mabuɗin.

"Kaka ya rasu," ta ce da dusasshiyar murya. "Ku yi haƙuri ban zo da wuri ba, kulle ni aka yi. Don Allah kada ku tafi... Ni ma ba inda za ni."