Farar Roba a Buhun Ƙyallaye

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da ke zaune da iyayenta a wani ƙauye. Mamanta tela ce. Babanta kuwa gyaran keke yake yi a bakin kasuwa. A lokacin Mama tana da tsohon ciki, kowa a gidan yana ɗokin zuwan jariri.

Kullum da safe Mama takan buɗe wata farar roba, ta sha ƙwaya ɗaya. Yarinyar ce ke kawo mata ruwa. A zatonta maganin ƙarin jini ne.

Wata rana a makaranta, lokacin hutun tara, wata 'yar ajinsu ta ce an hana ta shiga gidan maƙwabtansu. Wai matar gidan tana shan maganin ƙanjamau, na cikin farar roba, wanda ake karɓowa a asibiti. Wai ko kofinta ka sha ruwa da shi ka ɗauka.

Yarinyar ta tuna da maganin Mama. Robar da aka kwatanta irin ta Mama ce sak. Ga shi kuma a ranar ƙawayenta za su zo gidansu gwajin kayan makarantar da Mama ta ɗinka musu.

Ana tashi ta ruga gida. Mama tana wanka. Robar na nan a gefen keken ɗinki. Yarinyar ta ɗauke ta, ta cusa can cikin buhun ƙyallayen ɗinki. A ranta ta ce in sun tafi za ta mayar.

Ƙawayen suka zo, aka gwada su, aka yi ta wasa a waje har yamma. Da ta dawo ɗaki, babu buhu. Ashe mai katifa, wanda ke karɓar ƙyallayen Mama, ya zo daga ƙauyensu ya tafi da shi, kamar yadda ya saba.

Washegari Mama ta nemi maganinta ta rasa. Ta ɗaga katifa, ta zazzage akwati, ta leƙa ƙarƙashin gado. Baba ya ce zai je asibiti ya karɓo wani. Amma an kwana ana ruwa, rafi ya cika, hanyar gari ta yanke.

Yarinyar ta san inda robar take. Tsoro ya hana ta magana.

Rana ta biyu ma Mama ba ta sha magani ba. Ta kasa ɗinki. Ta zauna a bakin gado ta dafe cikinta.

"Baba, wai don ƙwaya ɗaya Mama take wannan damuwa?" yarinyar ta tambaya a hankali.

Baba ya dubi Mama, Mama ta gyaɗa masa kai. Sai ya zaunar da 'yarsa. Ya gaya mata Mama tana ɗauke da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki. Maganin ne yake danne cutar, shi ya sa Mama take da ƙarfinta. Shi ne kuma yake kare jaririn da ke ciki. Amma sai an sha kullum, ba fashi.

Yarinyar ta fashe da kuka.

"Mama, ni na ɓoye shi a buhun ƙyallaye. Na ji tsoro kada ƙawayena su gani su guje ni."

Mama ta jawo ta jikinta.

"Kin yi kuskure, 'yata. Mu ma da namu laifin. Kin yi girman da ya kamata mu gaya miki."

Baba bai tsaya faɗa ba. Ya ɗora ta a bayan keke, suka bi hanyar gona cikin taɓo zuwa ƙauyen mai katifa.

Suka same shi a rumfarsa, ya ɗaura takalmi zai fita. Robar na hannunsa.

"Yanzu na tsince ta ina cusa matashi," in ji shi. "Gidanku zan nufa. Wannan ba maganin da ake bari ya kwana a wani wuri ba ne."

Yarinyar ta sunkuyar da kai don kunya. Mai katifa ya yi murmushi, ya sa hannu a aljihu. Ya fito da wata farar roba, irin ta Mama.

"Kin gani? Tun ba a haife ki ba nake sha. Ga matata lafiya, ga 'ya'yana lafiya. Buhun da nake ɗauka ma, Babanki ba zai iya ɗaga shi ba."

Baba ya yi dariya, ya ce ƙarya ne, a kawo buhun a gani.

Suna isa gida Mama ta sha maganinta. Da rafi ya janye suka tafi asibiti, har da yarinyar. Malamar asibiti ta duba Mama, ta ce komai lafiya, amma kada a sake yin fashi. Yarinyar ta tambaye ta zancen kofi. Malamar ta ce ba gaskiya ba ne. Ba a ɗaukar cutar ta kofi, ko gaisuwa, ko cin abinci tare.

Yarinyar ta yi ajiyar zuciya. Ji ta yi kamar an sauke mata dutse daga ka.

A makaranta ba ta faɗi sirrin Mama ba, don ba nata ba ne. Amma da aka sake tayar da zancen maƙwabciyar nan, ta miƙe ta faɗi abin da malamar asibiti ta gaya mata. Malamin ajinsu ya ce ta yi gaskiya.

Ba a daɗe ba Mama ta haifi namiji. Aka yi masa gwaji, daga baya aka sake yi. Babu cutar a jikinsa. Ranar da sakamakon ƙarshe ya fito, yarinyar ta goya ƙaninta tana zagaya tsakar gida tana rawa.

Ta koyi cewa shan magani ba abin kunya ba ne. Mai ɗauke da wannan cuta taimako yake buƙata, ba gudu ba. Kuma in yaro ya ji maganar da ta tsorata shi, iyayensa zai fara tambaya.