Rafin Da Ba A Nuna Wa Namiji

Ranar wata Talata ce, ana yayyafi tun asuba, irin ruwan nan da ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa, jirgin ruwa ya kawo baƙi masu yawon buɗe ido ƙauyen Chontal da ke bakin teku.

Yolima tana cikin laka har cinya, hannunta ya nutse tsakanin saiwoyin bishiya tana laluben piyangwa, baƙar ƙumbar nan mai nama da matan garin ke ciyar da gidajensu da ita. Hayaƙin ɓawon kwakwa na tashi daga tukunyar da ta ajiye don korar ƙwari. Sai ta ji tsulum a bayanta.

Jagoran baƙin ne ya zame daga jirgi, farar rigarsa ta koma kalar ƙasa.

"'Yammata, taimaka ki ba ni hannu."

"Hannuna aiki yake."

"To na hagun fa?"

"Shi ma ba na aro ba ne."

Duk da haka ta jawo shi. Sunansa Duván, daga birnin Cali. Da ya fito bai saki hannun ba, sai da ita ta fizge.

Baƙin suka kwana uku suna kallon tsuntsaye suka tafi. Duván ya dawo da wasu, ya sake dawowa, har ya zama idan ruwan teku ya ciko, matan gari sun fito daga daji, yana nan bakin gaɓa yana jiranta.

"Sarauniyar laka," haka yake kiranta.

"Ka daina, mutane na ji."

"Su ji mana. Zumata, ni fa na gama yawo, a nan zan tsufa."

Mama Eufemia, mahaifiyarta, ba ta taɓa yi masa murmushi ba. Ranar da ya ci shinkafa da kwakwa a gidansu, yana fita ta ce, "Yaron nan idonsa ba ya kan abinci, ba ya kanki. Kan ruwa yake."

"Mama, sona yake..."

"Na ji. Ke dai ki riƙe bakinki a kan rafin."

Kowa a Chontal ya san akwai rafin, amma ba wanda ya san inda yake sai su biyu. Uwa ke nuna wa 'yarta, ba a nuna wa namiji ko da miji ne. A can manyan uwayen piyangwa suke hayayyafa, ruwa ya kwashi ƙananan ya raba wa sauran dajin. Ba a shigarsa sai shekara ta yi tsanani, a ɗebi kaɗan, a shafe ramin da tafin hannu, a fito ba tare da an karya ko tsinke ba. Mashigan dajin kuwa duk kamarsu ɗaya, wanda bai sani ba zai wuce sau ɗari.

Nayibe, 'yar ƙanwar Mama, ita ce ta daɗe tana cin wannan a rai, don kakarsu ta tsallake uwarta ta nuna wa Eufemia. Wata yamma suna wanke ƙumba ta matso.

"'Yar'uwa, kin san matan Cali kuwa? Gashi har baya, ƙafa ba faso. Ke me za ki ba shi da ba su da shi?"

Yolima ta ci gaba da wanke ƙumba.

"Ni dai na ji yana cewa mace mai ɓoye-ɓoye ba ta aure ba ce. Amma ba ruwana."

Bayan kwana biyu Duván da kansa ya tayar da maganar, muryarsa a sanyaye.

"An ce akwai inda ba ki yarda in gani ba."

"Ba a kai namiji, Duván."

"Ashe ni namiji ne kawai a wurinki. Irin na kan hanya."

"Ba haka ba ne, masoyina..."

"Bar shi. Na gane matsayina."

Ya ɗauke mata ƙafa har mako ya zagayo. Ba ta iya cin abinci. Ranar Lahadi, Mama na coci, Yolima ta same shi a bakin gaɓa.

"Ka bar wayarka a gida. Shigo."

Ta tuƙa shi a kwalekwale cikin daji, ta karkata nan ta karkata can, har ta zo wani reshe da ya sauko ya taɓa ruwa. Ta ɗaga shi da filafilinta na tuƙi suka kutsa.

Fararen tsuntsaye sun rufe bishiyoyi. Ta sa hannu sau ɗaya ta fito da ƙumba ta cika mata tafi, ta nuna masa, ta mayar, ta shafe wurin.

Duván ya bi wurin da kallo.

Da za su fita ya miƙa hannu ya kwance jan ƙyallen da ta ɗaure gashinta da shi, ya miƙe tsaye ya ɗaura a saman reshen.

"Me kake yi? Ba a barin komai a nan."

"Shaida ce, zumata. Wurin nan ya ga ranar da na ce zan aure ki."

Zuciyarta ta narke. Ta kalli ƙyallen, ta san ya kamata ta cire, ta bari.

Washegari ya tafi Cali, wai zai faɗa wa iyayensa.

Ya dawo bayan wata guda da jirage masu inji guda uku, cike da baƙi. A gaban na farko Nayibe ce zaune, da sabuwar riga mai hoton tsuntsu irin tasa. Ba su tsaya a gari ba, daji suka nufa.

Yolima ta bi su da kwalekwale. Ta tarar an sare reshen don jirage su wuce. A kututturen an ƙusa allo, an ɗaura jan ƙyallenta a kai. Baƙi sun shiga laka suna dariya, suna tono, kowa da 'yar jakarsa. Tsuntsayen sun tashi.

"Duván, ka fitar da su. Don Allah ka fitar da su."

"Rage murya, baƙi na kallo."

"Ka ce shaida ce."

"To ai ta yi amfani. Kwana biyu muka yi da Nayibe muna nema kafin mu gan shi." Ya gyara hularsa. "Mutanen nan masu son daji ne, Yolima, ba ɓarayi ba. Ku kun zauna a kan abu ba ku san darajarsa ba."

"Auren fa?"

Nayibe ta kwashe da dariya. "Kai, ba ka faɗa mata babu wannan maganar ba? Ka ba ta aiki mana, tausayi take ba ni."

"Akwai aiki," in ji shi, ba ya ko kallon idonta. "Ki riƙa shiga laka kina murmushi suna ɗaukar hoto. Kin fi kyau a haka."

Wata baƙuwa ta ɗaga waya ta ɗauke ta tana kuka.

Da ta juya kwalekwale, Mama Eufemia na bayanta, da matan gari a jere a kan ruwa. Mama ta matsa ta kwance ƙyallen daga allon, ta juya shi a hannu. Ita ta saya mata.

"Mama, ki yafe..."

"Ba ni filafilin."

Filafilin kakar Yolima ne. Yolima ta miƙa. Mama ta ɗora shi a gwiwa ta karya, ta jefa mata ƙyallen a cinya.

"Riƙe sadakinki."

Suka juya suka bar ta, ta koma gida tana tuƙi da hannu.

Bayan baƙi, masu tono daga wasu garuruwa suka biyo sawun jiragen, suka kwashe manya da ƙanana. Kafin shekara ta zagayo rafin ya zama laka zalla. Da tsuntsaye suka daina zuwa baƙi ma suka daina. Duván ya sami wani ƙauye can kudu. Bai tafi da Nayibe ba, ko sallama bai yi mata ba.

Yanzu matan Chontal sukan wuni a daji su dawo da abin da bai rufe gindin kwando ba. Yolima tana fere kwakwa a bayan gida, ba mai ɗaukarta a kwalekwale. Mama na zuba mata abinci kullum, ba ta kiran sunanta.

Abin da aka rasa: rafi ɗaya, reshe ɗaya, filafili ɗaya. Gidaje tara da suka kulle suka koma birni. Da uwa ɗaya, wadda ke nan da ranta a ɗaki na gaba.