Awa Biyar Daga Jidda

Da hantsin Juma'a Insifekta Siddiƙa ta tarar da wata mata tsare a bayan kanta a ofishin 'yan sanda na Daura, rigarta duk ta jiƙe da nono.

"Hadijatu ce, mai yi wa Hajiya Yelwa wanki," in ji Kofur Kalilu. "Zinaren Hajiya ya ɓata jiya da safe."

"Ranki ya daɗe, 'yata watanta huɗu," in ji Hadijatu. "Tun jiya ba ta sha ba. In aka kai ni kotu, wa zai ba ta?"

Siddiƙa ta ɗauki makullin mota, Kofur ya bi ta.

A gidan Hajiya, bayan rijiyar Kusugu, ta duba akwatin zinaren. Ba a fasa shi ba, da makulli aka buɗe.

"Wa ya san inda kike ajiye makullin?"

"Ni, sai Munzali ɗan ƙanena. Shi kuwa yana sama lokacin, daga Umara. Sai magariba ya iso."

Munzali na zaure cikin farar jallabiya, yana rabon tsaraba. Siddiƙa ta karɓi dabino ta gode. Idonta ya sauka kan ledar carbunan, mai ɗauke da sunan wani shago a Kano.

"An dawo lafiya, Malam? Ƙarfe nawa kuka tashi daga Jidda?"

"Tara na safe cif."

"Tafiyar awa nawa ce?"

"Biyar, ai kowa ya sani. Ƙarfe biyu muka sauka Kano, ana kiran azahar."

"Biyu a agogon wa?"

"Agogon filin jirgi mana. Da idona na gani."

Siddiƙa ta tofar da ƙwallon dabinon a tafin hannunta.

"Shekara uku na yi aiki a filin jirgin nan. Jidda ta riga mu da awa biyu. Wanda ya tashi can da tara, sha biyu zai gani a bangon Kano. Duk alhajin da ya sauko, abin da yake fara tambaya ke nan, ko agogonmu ya tsaya. Kawo fasfo ɗinka."

"Yana... yana wurin ejan."

"Kofur, duba jakar can."

Fasfon fes yake, ko hatimi ɗaya babu.

Hajiya ta dafa bango. "Munzali! Ni da na raka ka tasha?"

Ya zube a gabanta.

"Gwaggo, biza ce ba ta fito ba. Kunya ta hana ni dawowa, na ɓuya a Kano mako biyu. Yaya zan shigo gari hannu rabbana, kowa na jiran tsaraba? Na san kina asibiti ranar Alhamis, na biyo ta ƙofar baya. Rabi na sayar, saura na cikin jakar."

"Ka bar mai jego ta kwana a rufe saboda carbi?" in ji Siddiƙa. "Kofur, sa masa ankwa."

Aka fito da shi ta tsakiyar masu zuwa barka da sauka, kowa da dabino a hannu.

Siddiƙa ba ta jira ta koma ofis ba, tun daga zauren ta buga waya.

"A buɗe wa Hadijatu yanzun nan. Bayani ya jira, mota za ta fara kai ta gida."

Hajiya ta jawo mayafinta. "Ku tafi da ni, 'yata. Ni na kai ta, da bakina zan roƙe ta gafara."