Shaidar Baba a Kan Bamanga

"Baba, don girman Allah, kalma ɗaya ce fa! Ka ce a nan unguwar Shamaki aka haife shi, shi ke nan!"

Ina durƙushe a zauren gidanmu, gyalena ya zame ban ma kula ba. Mahaifina Malam Safiyanu, mai unguwarmu, ko ɗagowa bai yi ba.

"Hikima, da Alƙur'ani za su rantsar da ni."

Washegari ne kotu za ta ji shaidarsa a kan mijina Bamanga. Lauya ne, shekara tara yana tsaya wa talakawa, har suka tura shi majalisar dokokin jiha. Wata huɗu da hawansa, wanda ya kayar ya tono cewa a Garwa ta Kamaru aka haife shi. Takardar zama ɗan ƙasa kam ya daɗe da samu, amma wajen cike takardar takara sai ya rubuta nan Gombe aka haife shi, wai gudun gori. Lauya guda da wannan wauta! Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

"Ni na tarbe su ranar da suka sauka daga motar shanu," in ji Baba. "Yana ɗan shekara biyar, riƙe da zanin uwarsa. Ta yaya zan ce ban gani ba?"

"To ka ce ka manta! Za su ƙwace kujerar, ƙila har da lauyancin... Baba, ni fa 'yarka ce!"

Baba ya ɗago ya dube ni. Na ga ya fara karaya, kuma wallahi daɗi na ji, Allah ya yafe mini.

Sai ga sallamar Bamanga. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Baba, a yi mata haƙuri, ni na jawo. Na shaida wa lauyoyina gobe da bakina zan faɗa. Ba sai an kira ka ba."

Na manta a gaban wa nake. "Ka haukace ne? Mutanen da suka bi layi cikin rana dominka fa?"

"Su ma zan nemi gafararsu."

A mota na yi ta dukan kafaɗarsa ina kuka. Ya bar ni sai da na gaji.

"Hasken idona, tsohon nan ya ba mu ɗaki ba mu san kowa ba, ya kuma ba ni ke. In tsaya ina kallo ya yi rantsuwar ƙarya saboda ni?"

Na kifa kai a cinyata.

Washegari ya faɗi gaskiya a kotu, kujera kuma ta tafi. Da muka fito, ga matasa maƙil a bakin ƙofa suna ihu: "Ɗan Kamaru! A koma gida!"

Bamanga ya tsaya cak. Sai Baba ya ratso da sandarsa, ya kama hannunsa gam.

"Ku ba ni hanya," ya ce, "zan kai ɗana gida."

Suka dare. Na bi bayansu, hawaye ya hana ni ganin gabana.