Jan Layi a Filin Baba

Da faɗa suka fara. Tana cikin dogon ramin da ta sa aka haƙa a gindin tudu, tana share bangonsa da ɗan buroshi, sai ƙasa ta zubo mata a ka. Ta ɗaga ido ta ga wani dogo yana huci.

"Wa ya ba ki izinin yanka filin mahaifina?"

"Hukuma. Matsa baya, kana ɓata min aikin kwana uku."

Aikinta shi ne bin tsagar ƙarƙashin ƙasa, wadda motsinta ke jawo girgizar ƙasa, ta gano ko har yanzu tana motsi, ta zana ta a taswira don kada a yi gini a kanta. Shi kuwa malamin lissafi ne, ɗan wani tsohon magini. Ya zo korar ta, ya ɓige da riƙe mata tef ɗin awo. Kafin wata biyu ya raɗa mata 'Yar Rami, ita tana ce masa Malam Huci, har an fara maganar aure.

Sai taswira ta fito. Jan layin tsagar ya ratsa daidai inda tsohon ya zuba harsashin gidan da zai ba ɗansa.

Tsohon ya yi tsalle ya dire. Shekara arba'in yana gini, yarinya mai buroshi ce za ta koya masa ƙasa? Muddin layin nan na nan, ba za ta shigo zuri'arsa ba.

Tana ofis saƙo ya shigo:

"'Yar Ramina, Baba ya ƙi cin abinci. Taku talatin ne fa kawai. Ba za a ɗan matsar da layin ba? Don mu."

Ranta ya ɓaci. Ta rubuta:

"Ashe birona kake so, ba ni ba? Tsagar nan ba ta karanta taswira. In kwantar da 'ya'yanmu a kanta don Baba ya ci abinci? Kada ka sake kira na."

Ya kira sau goma sha ɗaya, ta ƙi ɗauka. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne son nasa bai ragu ko ƙwaya ba. Ran na shida ya turo:

"Na yi wauta, kuma na ji kunya. Gobe zan kawo shi ramin. Ki zo ko don ki zage ni, sanyin idona."

Ta je, fuska a murtuke. Tsohon ya sauka ramin ta tsani, ko gaisuwarta bai amsa ba.

"Baba," ta ce, "dubi wannan baƙar shimfiɗar ƙasar. A miƙe ta taho. A nan ta karye, ta sauka kamu guda."

Ya shafa wurin da tafinsa, ya daɗe. Da ya hau sama sai ya tsaya ya runtse ido ɗaya, kamar mai duba miƙewar bango, daga ramin zuwa harsashin, zuwa katangar filin.

"Katangar can sau huɗu ina gyara ta," ya ce a hankali. "Wuri ɗaya take tsagewa. Lebura biyu na kora a kanta."

Ya juyo kan ɗansa, wanda tun a hanya ya faɗa masa saƙon da ya tura mata. "Ashe har roƙon ta ka yi ta matsar da layi? Soko. Da ta biye maka, da kabari na gina muku."

"Baba, ai kai ne ka..."

"Rufe min baki."

Ta danne dariya, amma sai da Malam Huci ya yi sati yana lallashinta.

Tsohon da kansa ya fasa harsashin. Washegarin ɗaurin aure ya kai ango da amarya can nesa da jan layin, ya miƙa mata turken farko da guduma.

"'Yata, inda kika kafa nan zan gina. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu taurin kai irin naki."

Angon ya riƙe tef, ta buga turken.