Daga Kuala Lumpur Zuwa Ƙofar Wambai

A wani shagon magani kusa da kasuwar Wunti a Bauchi suka haɗu. Amatullah ta zo sayen maganin hawan jinin mahaifinta, Mahfuz kuwa yana ganinta ya manta abin da ya kawo shi. Kafin hutunsa ya ƙare ya san gidansu a Ƙofar Wambai, ita kuma ta raɗa masa suna Nurina.

Matsalar ɗaya ce: a Kuala Lumpur yake koyarwa.

Da ya je gaishe da mahaifinta, Malam Hammawa, tsohon bai tambaye shi asali ba.

"Daga can zuwa nan awa nawa ne a jirgi?"

"Baba, in an haɗa da jiran canjin jirgi a Doha, yakan haura awa ashirin kafin Abuja. Sannan a kamo hanyar Bauchi."

"To, in na cika da safe, kafin azahar an kai ni. Ita kaɗai ta rage mini. Ba zan kai ta inda sai dai ta zo ta tarar da kabarina ba."

Haka Mahfuz ya koma bakin aiki jiki a sanyaye. Amatullah ta daina cin abinci, ta yi zuru-zuru.

Ana cikin haka Usama, ɗan maƙwabcinsu mai gona a Miri, ya turo magabatansa. Malam ya ce ba zai yi mata dole ba, amma ranar Juma'a suna jiran amsa.

Amatullah ta rubuta wa Mahfuz: "Nurina, an zo neman aurena. Baba ya zuba mini ido kawai, na kasa ce masa a'a. Don Allah ka ce wani abu."

Saƙon ya nuna ya karanta. Bai amsa ba. Ta kira, waya a kashe. Washegari ma haka.

"Ko ka haƙura da ni ne? Ka faɗa mini, kada ka bar ni a haka."

Sai da safiyar Juma'a wayarta ta yi ƙara.

"Sanyin idona, ki yafe mini. Na san in na faɗa miki za ki hana ni. Na sauka Abuja, yanzu mun wuce Jos."

Ana saukowa daga masallaci ya iso, ido jajir, ya zube gaban Malam.

"Baba, nisan nan ya fi ƙarfina. Amma in ka ce in ajiye aikin, wallahi yau zan ajiye."

Yayar Malam, Gwaggo Bilkisu, ta ɗaga labule.

"Hammawa, ranar da Inna ta rasu kana nan Inkil, bayan gari kawai, ka same ta da rai? Kana tsoron yarinya ta rasa jana'izarka, ita ga ta tana ƙarewa a gabanka. Dube ta mana!"

Ya juya ya dubi 'yarsa da ke raɓe bayan Gwaggo. Ya daɗe yana kallonta, har hawaye ya gangaro masa.

"Kada ka ajiye aikinka, ɗana. Amma kowane azumi a gidan nan za ta yi shi."

"Na yi alkawari, Baba."

Da kansa Malam ya je ya ba iyayen Usama haƙuri. Bayan Sallah aka ɗaura aure. Ranar tafiya ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka. Ki je, Amatu. Na yafe miki duniya da lahira."