Sa Hannun Kaka A'i Zai Tafi Saturn

A shekarar 1996 an yi wata yarinya 'yar aji huɗu a unguwar Highbridge, cikin birnin New York. Tana da ƙoƙari, amma akwai ta da tsoron dariyar mutane.

Wata Litinin malamarsu, Misis Ortiz, ta zana duniyoyin da ke zagaya rana a kan allo. Ta ce hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, daki-daki take aikinta. Da farko takan aika kumbo ya gifta ta kusa da wata duniya, ya ɗauko hotuna. Daga baya wani ya je ya yi ta zagaya ta. Sai an san wuri sosai ake sauka.

"Yanzu Saturn za a zagaya, mai zoben nan," in ji malama. "Kumbon zai tashi baɗi, ya yi shekara bakwai a hanya. Zai tafi da sa hannun mutane a kan wani ɗan faifai. Kowa ya sa nasa, ya kuma kawo na mutum ɗaya daga gida. Ranar Juma'a zan kai gidan waya."

Yarinyar ta zaɓi kakarta A'i, wadda ta zo daga Maraɗi wata uku da suka wuce.

Kaka ta yi dariya. "Ke 'yar nan! Ni da jirgin ƙasan cikin ramin nan naku ma tsoro yake ba ni, sai sunana ya hau sama?"

Amma ta gyara zama, ta karɓi biro. Ta rubuta sunanta a hankali da ajami, daga dama zuwa hagu, ta ɗiga ɗigo-ɗigonta tsaf.

Yarinyar ta duba takardar. Ba ta taɓa ganin irin wannan rubutu a ajinsu ba. Idan yara suka yi dariya fa? Ta shiga ɗaki, ta duƙunƙune takardar, ta jefa a kwandon shara. Ta sami wata, ta rubuta sunan da boko. Har da hannun hagu ta yi, wai don ya yi kama da na tsohuwa. Su wayo manya!

Ita kuwa Kaka, duk wanda ta gamu da shi a matakalar bene sai ta gaya masa hannunta zai je sama.

Ranar Alhamis malama ta baza takardun a kan tebur. Kakan Afua, wata 'yar ajin 'yar Gana, ɗan yatsa ya dangwala. Wani yaro ya kawo rubutun Sinanci. Ba wanda ya yi dariya. Sai ma leƙe ake yi ana sha'awa.

Malama ta kira yarinyar gefe. "Wa ya rubuta wannan?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Ni ce."

"To, ba zan aika da shi ba. Hannun mutum na kansa ake so. Gobe ce rana ta ƙarshe."

Tun daga ƙofar gida yarinyar ta fara kuka. Ta durƙusa gaban Kaka, ta faɗi komai.

"Na sani," in ji Kaka. Ta ɗaga matashinta, ta zaro takardar nan. Ta miƙar da ita, amma duk alamar duƙunƙunewa tana nan. "Na tsince ta jiya ina zubar da shara. Ba zan ɓoye miki ba, na ji zafi. Babana ne ya koya mini wannan rubutu, ina kamar ke."

"Sorry, Kaka."

"Faɗa mini da Hausa, kunnena bai iya Turanci ba."

"Ki yafe mini, Kaka. Kunya na ji, kuma ban kyauta ba."

Kaka ta share mata hawaye da bakin mayafi. "Na yafe, ƙawata. Kawo sabuwa in sake."

"A'a, wannan ɗin zan kai. Amma ki koya mini yadda ake karanta shi."

Ranar Juma'a ta tsaya gaban aji, ta ɗaga takardar. Ta bi haruffan da yatsa daga dama, ta karanta sunan kakarta da ƙarfi. Afua ta ce a rubuta mata nata ma. Malama ta sa takardar a ambulan, ta liƙe.

Da yarinyar ta koma gida, Kaka ta ce, "Shekara bakwai, ko? Allah ya san wa zai gani. In kumbon ya isa, ki tuna hannuna yana ciki."

"Kusa da nawa, Kaka."

Daga ranar yarinyar ta gane cewa abin gidanku ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ka ɓoye shi da ƙarya.